Juyin Ruwa a Gaɓar Hagu

Shekara ashirin da biyu Farfesa ya yi yana koya wa kwamfuta yadda ruwa ke gudu. Ambaliya, igiyar teku, madara tana zuba a kofi, duk ya lissafa su ɗigo-ɗigo, har masu shirya fim suna rububin aikinsa. Amma ɗan rafin bayan gidansu na yarinta, wanda tuni aka cike aka shimfiɗa titi a kansa, ya gagare shi. Wai nan gwanin ruwa ne!

Abu ɗaya yake nema: wani juyi guda biyu da ruwan ke yi kusa da gaɓar hagu. Shi kaɗai ya rage masa daga zamanin Inna. Yana ɗan shekara uku ta rasu, bai riƙe fuskarta ba, hoto kuma babu. Ya sa dutse a rafin kwamfutar, ya sa saiwar itace, ya ƙara zurfi, ya rage gudu, juyin ya ƙi fitowa. Har tsoro ya fara kama shi, ko dai ƙirƙirar abin ya yi.

Ran Talata da hantsi yayarsa ta biyo ta jami'a daga asibitin ido. Ta ture tulin takardun jarrabawa ta zauna.

"Auta, har yanzu wasan ruwan ne? Da furfurarka?"

"Yaya, duba min nan. Akwai dutse a wannan gefen?"

Ta gyara tabarau ta matso da fuska.

"Wane irin dutse? Yashi ne zalla."

"To me ke juya ruwan? Guda biyu ne, dab da juna."

Yaya ta ɗago kai ta dube shi.

"Kai, Auta. Ƙafafun Inna ne. Nan take tsayawa tana ɗauraye kaya. Sai ta zaunar da kai a gaɓa, kai kuma idonka ƙur a ruwa."

Ya goge dutsen, ya kafa sanduna biyu sirara, ya danna. Ruwan ya zo ya rabu, ya juya a bayan kowace sanda. Ya juyo wajen Yaya.

"Haka tazararsu take, ko in matso da su?"

Yaya ta miƙe, ta cire takalmi, ta ɗan ɗage zani, ta sunkuya a tsakiyar ofis.

"Haka take tsayawa," ta ce. "Zo ka auna."