Mazaunin Gidan Goggo Filomena

Da hantsi Aniello ya iso ƙauyen, idanunsa jajur, ƙanshin burodin da ya raba tun asuba bai bar cikin motar ba. A birnin Napoli na Italiya yake kwana, a can yake tashi, a can kuma ya baro matarsa Fortuna da tsohon ciki, tana kallonsa ta taga. Amma a takarda shi mazaunin wannan ƙauye ne na kan dutse, gidan goggonsa ne adireshinsa. Inshorar mota ga mutumin Napoli, sai dai ya sayar da motar ya biya; ta mutumin ƙauye kuwa da sauƙi. Shi kuwa motar ce abincinsa. In jami'in ƙaramar hukuma ya zo dubawa bai tarar da shi ba, za a cire sunansa daga ƙauyen, kuɗin inshora ya hau, burodi ya tsaya.

Ya tarar Goggo Filomena, ƙanwar mahaifinsa, ta shanya tsohon wandonsa a igiya, ta ajiye takalmansa a bakin ƙofa kamar yadda take yi duk shekara.

"Shiga ka cire wannan rigar, ɗan nema! Wa ke zama a gidansa da rigar fita? Ka yamutsa gadon ma."

"Goggo, in na taɓa gadon nan sai gobe."

"To zauna ka ci taliya. Dubi wuyanka kamar na kaza."

Yana cikin ci jami'in ya shigo, Donato, dattijo mai ciwon gwiwa. Ya zauna tun ba a ce ya zauna ba, ya kalli wandon ta taga.

"Filomena, wandon nan tun bara bai bushe ba?"

"Ruwan sama ne, Donato. Ka sha kofinka ka bar wandon mutane."

Donato ya juyo wajen Aniello. "Kai kuma, mazaunin gari, ina labari? Jiya ban gan ka a jana'izar mai aski ba."

Cokali ya tsaya a hannun Aniello. Bai ma san mai aski ya rasu ba.

"Zazzaɓi ya kwantar da ni."

"Allah ya sawwaƙe. Zazzaɓin nan naku na Napoli ba ya jin magani." Donato ya sa hannu a takarda, ya miƙe yana nishi. "Mu ma muna son mutane. In ƙauye ya ƙara raguwa, har kantin magani za su rufe mana."

Aniello ya sauke numfashi. Har ya ɗauko waya zai gaya wa Fortuna, goggo ta dafa hannunsa.

"Ɗana, sanyin bana ya fi ƙarfina. Da kaka zan koma Torino wajen 'yata. An sami mai sayen gidan."

Ya dube ta. Sai a lokacin ya ga yadda yatsunta suka kanannaɗe, ya ga itacen da ta kasa fasawa jibge a gefen murhu.

"Ba komai, Goggo."

Ya mayar da wayar aljihu, ya fita tsakar gida, ya ɗauki gatari. Hanya tana da nisa, ga rabon burodin gobe, amma ya tsaya ya fasa mata itacen duka.