Ɗan Farin Habsu a Lakwal

Shekara biyu bayan fara ta cinye gero, kumandan, Baturen mulki, ya ce kowane mai gari ya kawo yaro lakwal, wato makarantar boko, ta Gure. Masu gari ba wawaye ba ne, nasu suka ɓoye. Aka bi rugage, aka ɗauko Boyi, ɗan farin Habsu, daga bayan maruƙa. Aka ajiye shi gidan wata tsohuwa mai sayar da kanwa, Ya Kaka.

Da rani su Habsu suka sauka wani kwari kusa da gari, ta riƙa kawo nono ranar kasuwa. Ba ta taɓa tambayar lafiyarsa ba. A wajensu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa cikin mutane, balle ta tsaya masa. Ni dai ban ga abin da wannan kunya ta taɓa ƙara wa yaro ba, amma haka aka gada.

Ya Kaka ce ta kasa haƙuri.

"'Yar nan, yaronki na shan wuya. Akwai wani ƙato, Manzo, ɗan wani gardi mai tsaron kumandan. Shi ke ƙwace masa fura. In an tura su ban ruwa garkar lakwal, hawansa yake kamar jaki, sauran na bi suna kukan saniya. Na je wajen mushe, malaminsu, ya ce ni ba uwa ba ce."

Habsu ta gyara faifai a bakin ƙwarya. "Ai namiji ne, Inna."

Ranar nan kuwa ta gani da idonta. Yaran lakwal suka ratso gefen kasuwa, Boyi ya duƙa, wuyansa duk jijiya, Manzo a kan bayansa yana dukansa da kara. Boyi ya ɗago, suka haɗa ido. Matan rugarsu na zaune kewaye da ita. Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da dama furar wani. Da ta koma gida ta kasa cin tuwo, kuma babu wanda za ta gaya wa abin da ta gani.

Kasuwa ta zagayo, ta bar ƙwaryarta wajen wata, ta ce Ya Kaka ta raka ta lakwal. Matan suka bi ta da kallo, ta san kafin magariba labari ya kai wajen surukarta.

Lakwal ɗin ɗaki ɗaya ne na ƙasa. Mushe Abdullahi mutumin Damagaram ne, ba mugu ba, gajiya ce ta yi masa yawa. Ya saurare ta a bakin ƙofa, yara na leƙe ta bayansa.

"Wane ne ɗanki, baiwar Allah?"

Ta ce, "Boyi," a hankali, sai da ya sa ta maimaita.

Aka kira shi, aka kira Manzo. Manzo ya tsaya yana sosa ƙeya, ko a jikinsa.

"Boyi, ga uwarka, ga ni. Manzo na cutarka?"

Yaron da aka koya wa kada ya yi kuka ko ƙaya ta shige shi, yau ake so ya kai ƙara gaban uwarsa da yara cike da ɗaki. Ya dubi ƙasa.

"Babu komai, Mushe. Wasa ne."

"Ka tabbata?"

"Wasa ne."

Mushe ya buɗe hannuwa. Mai ɗaki ya ce ba ya yoyo, na waje zai ce me? Ya ce wa Manzo ya rage wasan banza, ya kora yara ciki.

Habsu ta tsaya jikin katanga. Can Boyi ya fito da tulu, an aike shi rijiya. Bai dube ta ba. Gaban Ya Kaka ya tsaya, ya yi magana yadda uwarsa za ta ji.

"Kaka, ki ce mata kada ta sake zuwa. A da Manzo kaɗai ne. Yanzu dukansu ne."

Ya ɗora tulun a ka ya wuce.