Lauyan Kamfani

Barista Muzammilu na ƙoƙarin kauce wa wani rami ke nan a hanyar Kende sai wayarsa ta yi ƙara. Madam Adunni ce, shugabar sashen shari'a na kamfaninsu na casar shinkafa, take kira daga Birnin Kebbi. A Bagudo aka haife ta, don haka Hausa a bakinta kamar ruwa. In ka ji ta juya Turanci, to an ɓata mata rai.

"Ka isa?"

"Na kusa, Madam."

"Kahin shi buɗa baki ka hwaɗa mai, kai lauyan kamfani na, ba nashi ba. Duk abin da yac ce, wurina za ka kawo shi. Kak ka bari gaisuwa ta ɗauke ka."

Ya ce ya ji, ya ajiye wayar.

Makon jiya ne kwastan suka tare tirelar kamfanin a hanyar Tsamiya, daf da iyakar Benin. A ƙarƙashin buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, suka tarar da shinkafa 'yar waje, jere reras. Direban, Ɗanmusa, ya ce shi bai san komai ba, yana masallaci 'yan dako suka yi lodi. Babu wata shaidar da za ta ƙaryata shi, aka ba da belinsa. Amma mota tana tsare, kuma muddin ba a san mai kayan ba, kamfanin ake kallo, har an fara zancen janye masa lasisi. In kuwa ta tabbata direba ne ya yi gaban kansa, kamfani ya fita, Ɗanmusa ya shiga. Shi ya sa aka aiko Muzammilu ya ji ta bakinsa.

Ba a yi zaɓen banza ba. Ɗanmusa aminin marigayi mahaifinsa ne, a gaban motarsa Muzammilu ya riƙa zuwa makarantar kwana, da akwatin ƙarfe a kan cinya. Shi kuma a ofis kowa "lauyanmu" yake ce masa, tun daga maigadi har manaja. Aikinsa duba kwantiragi ne da sabunta lasisi, amma rikicin gado ma kawo masa suke yi, da na gidan haya. Bai taɓa gyara musu sunan ba, don yana masa daɗi.

Ya sami Ɗanmusa a zaure, a kan tabarma, ya rame, gemun ya ƙara fari.

"Barista namu! Kai anka aiko? Alhamdu lillahi. Mero! Ga ɗanki ya zaka."

Jimlar da Madam ta ce ya faɗa tana bakin Muzammilu, ya haddace ta tun a mota. To amma yaro ba ya shiga zauren babba ya fara da doka. Ya durƙusa, aka shiga gaisuwa: gida, Hajiya mahaifiyarsa, gajiya, ruwan bana, ƙafar Hajiya da ke ciwo. Kafin a kai ƙarshe, Mero, matar Ɗanmusa, ta turo kwano daga bayan labule. Tuwon shinkafa ne da miyar karfasa, an kamo ta da safen nan daga kogi.

"Kawu, akwai maganad da za ni hwara yi maka."

"Ci tukuna. Magana ba ta gudu."

Muzammilu ya wanke hannu. Ya yanki tuwo, ya haɗa da tsokar kifi ya kai baki, sai ya ji ƙaya ta kwanta masa a kan harshe, irin siraran nan na karfasa. Ya tsaya yana laluben ta a hankali, baki a rufe. Daidai nan Ɗanmusa ya leƙa ƙofa, ya rage murya.

"Amana ta, tsakanina da kai da Allah. Na san da kayan. Na surukina na, can ƙetare. Yar roƙe ni, ban iya ce mai a'a ba. Kuma ba wanga na na hwarko ba."

Shi ke nan. Cikin numfashi biyu ya gama. Muzammilu ya ɗaga hannu zai tsayar da shi, hannun duk miya, amma magana ta riga ta fita. Ya zaro ƙayar ya ajiye a gefen kwano, ya zuba mata ido. Ya zaci zai ji tsoro, ko haushi, ko tausayi. Bai ji komai ba, sai yaji a leɓensa.

"Kawu," ya ce, muryarsa kamar ta mai karanta sanarwa, "ni lauyan kamfani ne, ba naka ba. Abin da ka faɗa mini, ba ni da ikon ɓoye wa kamfani shi."

Ɗanmusa ya yi dariya har da tafa cinya.

"To ni na wa na? Ba na kamfani ba na? Tun ana casa da inji guda nike jan mota tasu. Ni da kai duk gida guda."

"Ba haka abin yake ba, Kawu. Ya kamata ka nemi lauya naka na kanka. Akwai wani abokina a Birnin Kebbi, zan ba ka lambarsa."

"Ina da kai in nemi wani? Mutane su ce mi? Ci tuwonka, yaro. Tun da anka kama motag ga ban yi kwana ba, yau ko zan yi. Na sauke kaya, suna hannunka."

Muzammilu ya sake gwadawa, ya sauya kalmomi, ya kawo misali da likitan kamfani. Ɗanmusa yana ta gyaɗa kai irin na mai jin yaro na karatun allo, yana tura masa kan kifi gabansa. Muzammilu ya cinye. Da zai tafi Mero ta ba shi bandar kifi a ƙunshe cikin takardar siminti, ta ce a kai wa Hajiya.

Da ya fita gari kaɗan sai ya tsaya a gindin wata ɗorawa, ya kashe mota. Fadama ta yi kore shar har inda ido ya tsaya, masu babura na wucewa da jarkoki a baya. Ya san hanya biyu ce. Zai iya cewa tsoho bai faɗi komai ba, ya yi wa wanda yake wakilta ƙarya, ya bar ma'aikata masu yawa a ƙarƙashin lasisin da ke rawa, rigar lauyarsa ma ta bi baya in ƙaryar ta tonu. Ko kuma ya faɗa. Ya ajiye su gefe da gefe yana kallo, kamar sharuɗɗa biyu a kwantiragin wani. Zuciyarsa ta ƙi cewa uffan.

Wayar ta yi ƙara.

"Ka hwaɗa mai kai lauyan wa na?"

"Na faɗa masa."

"Kahin ko bayan?"

"Bayan," in ji shi. Madam Adunni ta ja numfashi, ta ce wani abu da Turanci, gajere, sannan ta koma Hausa.

"Mi yac ce?"

Ya gaya mata duka, da surukin da ke ƙetare, da cewa ba wannan ne na farko ba. Bai ƙara ba, bai rage ba. Kalmar amana kaɗai ya bari a waje, don ba ta da gurbi a rahoto.

"To," in ji ta, a hankali. Ita ma ta san Ɗanmusa. "Gobe mu kai ma kwastan. Ka rubuta takardas sallama yau, manaja shi sa hannu." Sannan ta ƙara da cewa, "Kai za ka kai mai, tunda ka san gidan."

"To, Madam."

Ya tada mota. Ƙamshin banda ya cika ta, ya sauke gilashi. Da ya yi ɗan nisa sai ya ga rana na dukan ƙunshin, ya miƙa hannu ya mayar da shi inuwa, kada kifin Hajiya ya lalace.