Gumbar Gidan Malam

Tun daga bakin layi Musbahu ya ji ƙarar taɓare, kuma wallahi bai kawo komai a ransa ba, ya ɗauka maƙwabta ne ke surfe. Ya kafe babur a gindin darbejiya, ya kankare taɓon da ƙafar wandonsa ta kwaso tun daga Ƙofa har nan Burumburum, ya nufi gidan malaminsa, Malam Abdulmumini, wanda mahaifiyarsa ta rasu shekaranjiya. Ruwan sama ne ya hana shi samun jana'iza. Yau ma sai da ya yi ta wasiwasi kafin ya fito, don kwana uku ke nan cif, kada wani ya gan shi ya ce sadakar uku ya zo. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne gidan da za shi, gidan da ba a san wannan bidi'a ba.

Yana shan kwana ya tsaya cak. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi har bakin kwata. Wani dattijo daga cikin kawunnan Malam na Doguwa yana jan addu'a, jama'a na amsawa. A sahun gaba kuwa ga Malam Abdulmumini da kansa, hannuwa a sama, yana cewa amin. Aka shafa, shi ma ya shafa. Kafin Musbahu ya gama gaskata idonsa, wani mutum ya fito daga cikin gida da babban faranti, yana bi yana raba gumba. Ya iso gabansa ya danƙa masa curi guda, mai sanyi, yana ƙamshin gero da citta.

Gumba fa. A gidan Malam Abdulmumini.

Wanda bai san Musbahu ba zai ce mene ne abin tashin hankali a curin gero da sukari. To, shi a kan wannan curin ya ɓata da gidansu.

Da yana yaro, abin da mahaifinsa Malam Shitu ya faɗa shi ne addini, babu tambaya. In Baba ya ce ba a zama a kan turmi, Musbahu ɗauka yake a cikin Alƙur'ani abin yake. Da ya kai shekara ashirin da biyu ya tafi Tudun Wada koyon ɗinki, can ya faɗa majalisin Malam Abdulmumini, matashin malami mai kaifin harshe wanda duk abin da aka kawo masa sai ya ce ina dalili. Musbahu ya ji kamar a ranar aka buɗe masa ido. Duniya ta rabu biyu a wurinsa, sunna da bidi'a, kuma babu tabarmar zama a tsakani. Ya fara kallon carbin ubansa da tausayi, daga baya da haushi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Malam Shitu ya rasu. Ranar uku Musbahu ya shiga gida ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Hajara, da yayarsa Dije suna daka. Ya fizge taɓarya daga hannun Dije, ya sa ƙafa ya kifar da turmin, geron ya watse a tsakar gida kaji suka yi ta wawaso. Ya fita waje ya naɗe tabarmin da dattawan unguwa ke zaune a kai, sa'o'in ubansa, ya ce kowa ya kama gabansa. Inna ba ta zage shi ba. Cewa kawai ta yi ya hana ubansa sadaka, ta shige ɗaki. Da ya kai wa Malam labari, Malam ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi abin da maza ke yi, ya kare mahaifinsa daga bidi'a.

Dije tana aure a Yako, kuma daga ranar har yau gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma a tsaye. Inna kuwa sai ya bi ta da lallashi. Ya saya mata rediyo mai cin memori, ya cika ta da wa'azin Malam, kullum in tana tsintar shinkafa muryar na tashi a gefenta. Shekara goma tana ji ba ta ce uffan ba. Bara da kaka ta kira shi, tana hawaye, ta ce ta gane shi ne a kan gaskiya, ya yafe mata fushin da ta riƙe, kuma in ta mutu kada a daka mata ko ƙwayar gero. A ranar Musbahu ya yi kukan daɗi. Yau da safe ma ita ta ce ya gaishe mata da Malam, ya ce tana yi masa addu'a.

Ya zauna a gefen tabarma da gumbar a hannu, bai ci ba, bai ajiye ba, har aka yi azahar jama'a suka ragu. Malam ya hango shi tun ɗazu. Da ya tashi shiga ɗakin littattafansa da ke zaure, sai ya yafito shi.

Musbahu ya durƙusa ya yi ta'aziyya yadda ta kamata, ya isar da saƙon Inna, don ko ransa a ɓace ba zai tsallake gaisuwa ba. Sannan ya ɗora gumbar a kan teburin Malam, kusa da littattafai, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan fa?"

Malam ya cire tabarau ya murza idanu. Ya tsufa, gemun ya yi fari, muryar nan mai tsawa ta yi laushi. Ya ce ya san za a yi wannan tambaya. Ya ce karatu ya yi nisa da shi bayan wancan lokaci, ya karanta malaman da da can ko sunansu ba ya son ji, ya tarar manya ne, kuma da hujjojinsu. Wasu sun hana, wasu sun ce sadaka ce tana isa ga mamaci, ranar kuwa al'ada ce kawai. Ya ce mas'ala ce ta saɓani, wanda ya yi bai bar hanya ba, wanda ya bari bai yi laifi ba. Yana maganar a natse, kamar mai bayanin farashin taki.

"Tun yaushe Malam ya gane haka?"

"An kai shekara shida, ko bakwai."

Musbahu ya ɗago kai ya dube shi. Ya ce, "Bara na kira ka a waya. Na ce Inna ta tuba. Ka ce masha Allah."

"To me kake so in ce? Tsohuwa ta samu natsuwa, in tayar mata da hankali?" Malam ya gyara zama. Ya ce ilimi hawa-hawa ne. Akwai lokacin da ɗalibi ke buƙatar a ce masa wannan fari wannan baƙi, in ka ce masa duka biyun suna da fuska sai ya watsar da komai, har salla. Shi ya sa bai hau mumbari ya warware ba, ya dai daina tayar da zancen. Waɗanda suka yi nisa a karatu sun sani.

Wato shi Musbahu bai yi nisa ba. Shekara goma sha biyar yana ɗinka wa Malam rigunan salla, yana bin sa wa'azi har Doguwa a kan babur cikin ruwa da rana, ashe a matakin ƙasa aka ajiye shi, aka hau sama aka bar shi yana gadin ƙofa. Ba canza ra'ayin ne ya ƙona masa rai ba, mutum yana iya ƙaro ilimi. Shirun ne. An san ya kifar da turmin uwarsa a kan maganar, an san muryar na nan a rediyonta kullum, aka zuba masa ido.

Malam ya ga fuskarsa, sai ya sassauta murya ya ce, "Kuma uwata ce, Musbahu. Tana kwance ta riƙe hannuna ta roƙe ni a yi mata."

"Tawa ma ta roƙe ni, Malam, kada a daka mata ko ƙwayar gero."

Musbahu ya miƙe, ya ce Allah ya jiƙan Hajiya, ya fita.

A hanya masara ta yi kore shar hagu da dama, amma bai ga komai ba. Tunani ne ke ta kwance masa abubuwa ɗaya bayan ɗaya. In wannan saɓani ne, to wanne ne ba saɓani ba? Duk abin da ya yi faɗa a kai shekarun nan, mutanen da ya ƙi bi salla, bukukuwan da ya ƙaurace wa, ƙila kowanne akwai wani babban littafi da ya halatta. To kowa ma ya yi abin da ya ga dama mana. Tunanin ya ba shi tsoro har babur ya nemi ƙwace masa. A Kwanar Dangora ya tsaya shan mai, aka kira la'asar. Ya daɗe tsaye a bakin masallacin yana kallon sahu, wasu sun rungume hannu wasu sun sake, kuma karon farko bai ƙirga su ba. Daga ƙarshe ya yi alwala ya shiga, bai ko tambayi wane ne liman ba.

Daga nan zuwa Ƙofa ya shirya abin da zai gaya wa Inna. Zai ce ya same su lafiya, suna godiya, shi ke nan. Tsohuwa ce, ga hawan jini, me zai ƙara mata? Sai da ya kafe babur a ƙofar gida ya gane hujjar wa ya aro, ya ji kunya ta rufe shi.

Inna na zaune a bakin ɗakinta tana zage zogale a tire. Ta yi masa sannu da hanya, ta tambayi mutanen gidan da haƙurinsu. Sannan ta yi ɗan murmushi irin na ɗalibar da ta riƙe karatu, ta ce ai ta san gidan Malam tsit yake yau, su ba sa irin shirmen da ita ta so yi.

Musbahu ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "An yi, Inna. An yi addu'ar uku, an raba gumba. Malam na sahun gaba. Ya ce ya daɗe da gane ba laifi ba ne."

Hannunta ya tsaya a kan ganyen. Ta daɗe tana kallonsa, ba fushi a fuskarta, kamar dai tana jira ya ce wasa yake. Da ta ga ba zai ce ba, sai ta janye tiren gefe, ta goge tafin hannunta a zane a hankali.

Ta ce, "To shi ubanka, me ya yi?"