Maƙogwaron Batulu Mai Haɗa Waya

"Ki ce mana, Batulu! La'ilaha illallahu. Ki ce!"

Gwaggo Mashkura ce durƙushe a gefen katifa, tana jijjiga kafaɗar 'yar ɗan'uwanta kamar mai tashin yaro makaranta. Batulu ta buɗe baki, jijiyoyin wuyanta suka miƙe. "La... l..." Sai maƙogwaron ya shaƙe, kamar kullum. Matan da suka cika ɗakin suka kalli juna. Wata ta ja mayafi ta ce ƙasa-ƙasa, "Innalillahi. Ta kasa."

Hajjo, maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su, tana bakin ƙofa da kwanon kunu a hannu. Maganar ta soke ta har cikin ciki, don ta san wannan ne abin da Batulu ta fi tsoro a duniya, fiye da ciwon ƙodar da ya kwantar da ita tun farkon damina.

Lokacin da gwamnati ta kwaso ma'aikatanta daga Legas zuwa sabon babban birni, Batulu na cikin ayarin farko da aka zube a Nyanya. Mai haɗa waya ce a wata ma'aikata, ita ke amsa kiran tarho ta haɗa mai kira da ofishin da yake nema, kuma murya kam Allah ya ba ta, har manyan oga-oga kan ja gaisuwa don su ƙara ji. Kwatsam muryar ta fara tsinkewa a tsakiyar kalma, kamar ana matse mata wuya. Aka mai da ita ɗakin fayil, daga can aka sallame ta.

Abin da ya ɗaure wa unguwa kai shi ne dariyarta na fita tas, kuma in tana wanki a tsakar gida tana waƙa, ko gargada babu. Amma ka gaishe ta, sai ta tsaya tana kakari. Wasu suka ce wulaƙanci ne kawai, wasu suka ce aljani ne mai son kiɗa. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an kira mai ruƙiyya ya yi ta daka mata tsawa har ta suma. Kai, mutane ba su da tausayi in abu ya fi ƙarfin saninsu.

Hajjo ce ta raka ta asibitin Gwagwalada, wurin wani Dakta Ishaya mai binciken irin wannan ciwo. Ya sa ta yi magana, ya sa ta yi waƙa, ya ɗauka duka a kaset.

"Madam, maƙogwaronki lafiya lau," in ji shi. "Ƙwaƙwalwa ce ke aiko masa saƙo a hargitse in za ki yi magana. Waƙa kuwa hanyarta daban. Magani muna kan nema, ba zan yi miki ƙarya ba."

A motar dawowa, cikin cunkoson shiga Nyanya, Batulu ta riƙe hannun Hajjo ta tatso kalmomin da ƙyar. "Hajjo... ran tafiyata... in shahada ta ƙi fita... me za a ce?"

"Ke dai bar wannan zance," Hajjo ta ce mata a ranar.

Ga shi yau har an fara cewa. Hajjo ta dire kwanon kunun a ƙasa, ta kutsa tsakanin matan.

"Gwaggo, don Allah ki ɗan matsa. Tsawa ƙara shaƙe ta take yi."

"Ke a wa? Jinina ce!"

"Na sani, Gwaggo. Ki dai matsa."

Hajjo ta ɗora kan Batulu a cinyarta, ta share mata gumi da bakin zane. Idanun Batulu cike suke da tsoro, abin tausayi. Hajjo ta fara rera kalmar a hankali, da karin da 'yan Islamiyyar bayan gida ke yi kullum da yamma. Ita Hajjo muryarta ba ta da maraba da tsohon ƙyaure, Batulu ta sha tsokanarta a kai, amma ba ta fasa ba.

"Waƙa a kan mai gargara?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Yau na ga abin da ya ishe ni!"

A zagaye na uku Batulu ta kama. Muryar ta fito siririya, garau, ba tsinkewa ko ɗaya, tun daga La'ilaha har zuwa Rasulullahi. Gwaggo ta toshe baki da mayafi ta fashe da kuka.

Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Da maza suka ɗauki makara suka fita, Hajjo ta ji mata biyu a bakin famfo suna ƙus-ƙus. "Amma ta rerawa tana karɓuwa kuwa?" Zuciyarta ta tafasa, sai dai ba ta da ƙarfin faɗa. Ta wuce su ta nufi igiyar shanya, inda zanin Batulu da ta wanke mata da safe ke rataye. Ya bushe. Ta sauke shi ta ninke, ta tsaya riƙe da shi, ba ta san ɗakin da za ta kai shi ba.