Kafaɗar Dama Ko Ta Hagu

Da Nevzat ya san tambayar da ke jiransa a shagon Rustem Usta, da bai hau motar safe zuwa ƙauyen maƙera bindiga ba. Amma ga shi ya iso, takardar izinin sayen bindiga na cikin aljihun kwat ɗinsa, an ajiye masa shayi a ɗan kofin gilashi, bindigogi uku masu baki biyu kuma na kwance kan tebur.

"Wannan mai zanen tsuntsaye ta masu son a gansu ce," in ji Usta, tsoho mai ƙurar katako har a gira. "Tura ta gefe. Makwarwa ba ta karanta zane kafin ta faɗo. Ga wannan, ba kwalliya, ba tsada. Bakinta ɗaya bisa ɗaya, ta yi daji, ta yi filin harbin faifan laka. Ɗaga mu gani."

"Ba tawa ba ce, Usta. Ta ɗana ce, Tolga. Yana Jamus wajen uwarsa. Ya ce wataƙila ya zo idan an buɗe farauta."

"Wataƙila?"

"Zai zo," Nevzat ya ce da sauri. "Can yana zuwa filin da inji ke cilla faifai suna harbi. Na ce idan ya tarar da tasa a nan, sai mu fita tudu tare."

Shekara goma sha ɗaya ke nan da tafiyarsu. Gidan ya rage daga shi sai rediyo da wani tsohon karen farauta da ya daina ji.

Usta ya ɗauko abin awo. "Tsawonsa?"

"Ya kai ni. Ko ya ɗan fi."

"Haba ɗan'uwa, riga ka zo saya a kasuwa? To bar tsawo, sai in bar ƙotar da tsayi, ya zo a rage. Da wace kafaɗa yake harbi?"

Nevzat ya ajiye kofin.

"Ka ga," Usta ya juya bindigar, "ƙota ba miƙe take ba. Ana ɗan karkata ta, ta dama daban, ta hagu daban. Ka ba bahago ta dama, kumatunsa su kumbura, tsuntsu ya wuce yana masa dariya."

Bahago. A ransa Nevzat ya ga Tolga yana ɗan shekara biyar zaune a ƙasa, cokali a hannun hagu, miya na ɗiga. Ya ga nasa hannun yana sauka kan ɗan ƙaramin hannun, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Har ya taɓa ɗaure masa shi da ɗankwalin uwarsa. Lokacin da suka tafi, yaron na ci da dama idan uban na wurin. Abin da yake yi idan ba ya nan, bai taɓa tambaya ba.

Ya ciro waya, ya nuna hoto ɗaya tilo da yake da shi daga filin harbin. Saurayi ne dogo, hannuwansa duka biyu cikin aljihu.

Usta ya duba, ya daina wasa. "Akwai wadda ake yi miƙe sak. Kowa na iya riƙewa, ba ta zauna wa kowa daidai. Masu sayen kyauta ita suke ɗauka."

Nevzat ya shafa katakon da ba a ko shafa wa mai ba. Ya daɗe.

"A'a. Ajiye min wannan, kada ka taɓa ƙotar. Zan tambaye shi."

"Kira shi mana yanzu."

"Yana wajen aiki," ya ce, alhali bai san ko wane aiki yake yi ba.

A motar komawa ya zauna kujerar baya, tafki na wucewa ta taga. Ya rubuta saƙo ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Na ƙarshe gajere ne: "Ɗana, da wane hannu kake cin abinci yanzu? Ko wanne ne, daidai ne."

Kafin su kai mararraba alama ta nuna an karanta. Ya riƙe wayar da hannu biyu har tasha, fasinjoji suka watse, direba ya kashe mota. Amsa ba ta zo ba. Bai san kafaɗar ba, bai kuma san ko Tolga zai zo ba.