Ruwan Wankan Salma

Tun cikin Salma bai fito ba Adda Kulu ta fara tara itace. Duk wanda ya je gona daga gidan mijinta, Malam Haladu na Kaikai, sai ya dawo mata da guntu, har tsibin ya kusa kai katanga. Malam ya ce ko giwa za a dafa ai wannan ya isa, ba ta ko kalle shi ba. Ta surfa gero, ta ajiye kanwa, ta sa aka wanke babbar tukunya.

Salma ce 'yarta ta fari, kuma kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari. Kulu ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai “ke” ko “yarinyar nan”. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, ta girma tana ce wa uwar Adda kamar wata yayarta. Ranar da aka kai ta ɗakin miji a Kankia ma Kulu tana madafa tana tuƙa tuwo, wai hayaƙi ne ya sa ta hawaye. Wankan jego kaɗai ne inda al'ada ta sakar wa uwa hannu ta taɓa 'yarta son ranta ba a ce ta yi rashin kunya ba. Shi Kulu take jira tun ba yau ba, ko Malam ba ta gaya wa ba.

Salma ta zo gida goyon ciki ke nan sai haƙarƙarin Kulu na dama ya fara zafi kamar an ɗora garwashi. Daga baya ƙuraje masu ruwa suka fito a jere, daga baya zuwa ciki, suka tsaya a gefe ɗaya. Matan maƙwabta suka duba, suka yanke hukunci cewa fitsarin gizo ne. Kulu ta ɗauki tsintsiya ta bi kowane lungu, gizo-gizon gidan nan suka ga ta kansu ba su san laifin da suka yi ba.

Ranar da naƙuda ta zo aka tafi asibiti a Kankia. Salma ta sauka lafiya, namiji. Kulu tana bakin ƙofa tana jira a miƙo mata jika, tana ɗan dafe gefenta, sai malamar asibitin ta lura.

“Inna, ɗaga rigarki in gani.” Ta duba, ta girgiza kai. “Wanga ba gizo ba ne. Kin yi ƙarambau kina ƙarama?”

“Wa bai yi ba?”

“To shi ne. Bai bar jikinki ba, kwanciya ya yi cikin jijiya, da girma ya zo ya farka. Wanda bai taɓa yi ba, in ruwan ƙurajen nan ya taɓa shi, ƙarambau zai kama shi. Mai jegon ta taɓa yi?”

Kulu ta ɗaga kai da alfahari. “Ko kusa. Duk shekarar da ya shigo gari nakan aika a kulle ta ɗaka.”

“To ita da jaririn duka ki nisance su, sai ƙurajen sun bushe. Akwai allurar rigakafin ƙarambau, amma sai yaro ya shekara, ku tuna ku nema. Yanzu nisan nan shi ne rigakafinsu.”

Kulu ta karɓi magani ta fito. Tsaron da ta yi wa yarinyar ne ya dawo ya tsare ta. Baƙin ciki ya kama ta sosai, ta hau bayan babur ɗin Malam suka koma Kaikai.

Hajiya Ummu, uwar mijin Salma, ita ta biyo su da ƙunshin kayanta don ta yi wa Salma wankan. Surukai biyu da ko gaisuwa sai sun sunkuyar da kai, sai ga su a gida ɗaya. Aka mayar da Kulu ɗakin da ke kusa da zaure. Kwana ɗaya ta yi tana kunyar baƙuwa. Washegari ta kifa turmi a ƙofar ɗakin ta zauna, inda take hango tukunya.

“Hajiya, ruwan ga bai tausa ba!”

“Ya tausa, Adda.”

“Daga nan nake ganin tururin, rago ne. Kuma mi ya sa kika sa ganyen bedi zalla? Ga runhu can bayan rumbu.”

Kunun kanwa ma bai tsira ba, yau ya yi ruwa, gobe kanwa ta yi kaɗan. Hajiya Ummu mace ce mai raha, sai ta koma tana ɗago ludayi sama daga nesa tana zubowa, ta ce, “Ranki shi daɗe, an amince?” Matan da ke zuwa barka su yi ta dariya, Kulu ta tamke fuska, daga baya ita ma ta fashe har gefen ya motsa ta ce wash.

Ranar suna aka raɗa wa yaro Abdulmannan. Kulu ta ci ado ta zauna kan turminta. Aka ɗaga mata shi daga tsakiyar gida, ta kare ido da hannu ta ce, “Wanga ne mijin nawa? Ku maida shi, bai da ko kuɗin cefane.” Aka yi shewa. Amma da la'asar, da ta ji ƙarar ganye a bayan Salma daga makewayi, ta shige ɗaki ta ja labule. Hannun wata ne yake yi, kuma yana yi daidai, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

A hankali ƙurajen suka yi ɓawo suka bushe. Malam ya mayar da ita asibiti, malamar ta duba ta ce ta wuce wurin. Kulu ta dawo da murna, sai kuma a zaure ta ja ta tsaya. Ta yaya za ta ce wa surukar da ta bar gidanta ta zo taimako ta ba ta wuri? Ai bakinta ba zai iya ba. Ta shigo ta nufi turminta kamar kullum.

Hajiya Ummu tana gaban tukunya. Ta dubi Kulu, ta dubi ruwan, sai ta dafe ƙugu ta saki wata irin ƙara da ko yaro ba zai yarda da ita ba.

“Wayyo bayana! Adda, yau kam ba ni iyawa. Zo ki karɓi aikinki, na gaji da faɗa.”

Kulu ta karɓi damin ganyen. Ta sirka ruwan, ta gwada da gwiwar hannu, ta kai makewayi. Salma tana zaune ta ba ta baya. Kulu ta tsoma ganye ta fara, sannan ta ajiye shi ta sa tafin hannunta, ta bi kafaɗun nan da rabonta da su tun suna ƙanana. Sai ta ji suna rawa a ƙarƙashin hannunta.

“Ke, mi ne ne? Ruwan ya yi zafi?”

Salma ta girgiza kai, ta kamo hannun ta riƙe shi a kafaɗarta.

“A'a, Adda. Kada ki yi sauri dai.”